Ɗorawar Gwaggo a Bayan Allo

Turancin da na fi iyawa a duniya shi ne Turancin hana mutane. Ba ni na zaɓa ba. Da na gama makaranta a Katsina aka ɗauke ni aikin gandun daji, aka turo ni Safana in riƙa yi wa Baturen daji tafinta, in kuma rubuta allunan da ake kafawa a bakin iyaka. Abokan karatuna wasu sun samu Turancin asibiti, wasu na awon gyaɗa, ni kuwa rabona ke nan.

Baturen dogo ne mai yawan gumi. Ba mugu ba ne, sai dai kullum a gajiye yake kamar jakin fatake. Yakan zaunar da ni a barandar bariki ya rarrabe mini kalmomin. "Prohibited" abin da aka hana yi. "Trespass" taka inda ba a ce ka taka ba. "Evict" a fitar da mai gida daga gidansa. "Exclude" a tsame ka daga cikin waɗanda ake yi da su. Na ce masa mu dai "ba shiga" muka sani, ita ma a gidan matan aure, kuma ko a can yara na shiga, 'yan'uwa na shiga. Ya yi dariya ya ce in ci gaba da rubutu. Har yau in na tuna barandar nan sai in ji kafaɗuna sun yi nauyi.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta rene ni a wani ƙauye kusa da Wagini bayan rasuwar mahaifiyata. Sana'arta daddawa, ba ta da wata. Da daddawar aka ɗinka mini rigar da na tafi makaranta da ita, kuma sai da rigar ta daɗe tana tona mini asiri a aji da warin daddawa. Kalwar da take dafawa daga wasu ɗorawoyi biyu take samu a cikin daji, gadon uwarta. A wajenmu ƙasa daban, itace daban. Ko gonar wa ta tsiro, ɗorawa ta mai ita ce, ba mai kai maƙata ga ta wani.

Lokacin da za a shata gandun, tun ban fara aiki ba, an yi shela cewa duk mai wani hakki a dajin ya zo gaban Bature ya faɗa. Fulani suka zo suka faɗi burtali da mashaya, aka bar musu. Gwaggo tana takabar mijinta. Amma ko ba takaba ba za ta je ba, don da na tambaye ta daga baya harara ta ta yi.

"In je in ce mi? Wa ke tara mutane ya ce hannuna nawa ne? Ko makahon garin nan ya san ɗorawar nan ta wa ce."

Iyaka ta biyo ta bar ɗorawoyin a ciki. Allon da aka kafa a kan hanyarta kuwa rubutuna ne.

Da bazara ta yi, ɗorawa ta nuna, Gwaggo ta ɗauki maƙata da kwando ta nufi daji. Mai gadin wurin ya ba ni labari. Ya ce da ta iso allon sai ta tsaya ta yi sallama, don an gaya mata dajin yanzu yana da mai shi. Ta yi, ta ƙara, ba wanda ya amsa. Shi kuma ya laɓe bayan wata marke, kunya ta hana shi fitowa, don da miyarta ya girma. Ta daɗe a tsaye cikin rana, sannan ta juya gida da kwandonta.

Na kai maganar gaban Bature. Ya saurare ni har ƙarshe, ya goge wuyansa, ya ce ya yarda itatuwan nata ne, amma ba ta zo ta faɗa a kan lokaci ba. Ranar na koyi "barred". Ya ce ita wannan ba mutum ke rufe ƙofar ba, lokaci ne, don haka ba wanda za a roƙa. Na yi fushi, na kuma rasa wanda zan yi wa. Na sake komawa da maganar har ya fara ɗaga mini hannu tun daga nesa. Daga ƙarshe aka ba wani ɗan kasuwa na Safana izinin tsinkar ɗorawar gandun gaba ɗaya.

Da na je gida Gwaggo ta ce, "To, ɗan boko, mi Baturenka ya ce?"

Na ce, "Gwaggo, ya ce an makara."

"An makara? Itace na tsaye, ni ina tsaye." Ta zuba mini tuwo.

Ranar kasuwar Batsari ta ce in raka ta. Tunda take ba ta taɓa sayen kalwa ba, sai ga ta a layin masu kalwa tana bin buhuna tana damƙa tana zubarwa. A gaban buhun ɗan kasuwar nan ta tsaya. Ta ɗebo, ta murza, ta kai hanci, ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

"Wannan ta uwata ce," in ji ta, a hankali.

Mutumin ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Gwaggo, wadda ke iya cin rabin yini a kan cinikin albasa, ta fara kwance bakin zanenta. Na raɗa mata cewa ya tsauwala, ta bari in taya.

Ta ce, "Bari, ɗan nan. Ba a taya abin gida."

Na sunkuya aka ɗora mini buhun a ka.