Kawunan Dattawa a Kalanda

Da na dawo gida Zariya bayan bautar ƙasa, a farkon shekarun casa'in, abin da ya fi ba ni wahala shi ne yi wa mutane bayanin abin da na karanta. Shekara huɗu na yi a jami'a ina koyon zane da tsara rubutu da hoto don a buga, amma a cikin ganuwa ba wanda ya san sunan wannan sana'a. Gidanmu gidan malamai ne da ma'aikatan gwamnati. Baba ya yi ritaya yana magatakardan kotu. Idan baƙo ya tambaye shi me na karanta, sai ya yi gyaran murya ya ce harkar takardu ce. Goggona kuwa ta yanke hukunci cewa fenti na koyo, har ta aiko a gaya mini ɗakinta yana son shafe kafin salla.

Na share wani ɗan shago da ke jikin zaurenmu, na sa tebur, na jera allon zane da rula da reza da gam da kwalaben tawada, da takardun haruffan nan da ake gogawa su manne a kwali. Kwamfuta a lokacin sai dai mu ji labarinta. Na yi sati uku ina zaune. Mutum biyu ne suka shigo: ɗaya aron reza ya zo, ɗayan kuma wasiƙa yake so a rubuta masa.

Aikina na farko daga hannun Kawu ya zo, ƙanin Baba, tsohon hedimasta, kuma shugaban ƙungiyar cigaban unguwarmu. Ya ga kalandar wata ƙungiya ta unguwar Gyallesu rataye a shagon aski, da hotunan shugabanninta, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce mu ma ba za a bar mu a baya ba, tunda ga ɗa a gida. Dattawan ƙungiyar su goma sha biyu ne.

Na zuba duk ilimina a zanen farko. Na zana tsohuwar ƙofar gari a sama, na tsara watannin shekara da manyan lambobi, na ware wa dattawa siririn layi a ƙasa, na bar fili fari a tsakiya, domin malamanmu sun koya mana cewa ido ma yana son wurin hutawa. Kawu ya ɗaga kwalin ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa a kan farin filin.

"Nan fa? Tawada ce ta ƙare maka?"

Na yi masa bayanin hutun ido. Ya ce duk wanda idonsa ke son hutu ya rufe shi, amma ba a sayen takarda a bar ta saura kamar gonar da mai ita ya yi ƙaura. Ya ce a ɗauke ƙofar gari, kowa ya san inda take, a kawo mutane sama.

Daga nan hotuna suka fara zuwa. Wani Alhaji mai sayar da yadi ya kawo nasa yana jingine da mota, an ɗauka daga nesa, kansa bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Na ce zan yanke motar in ƙara girman fuskar, ya ce in an cire motar to me ya rage. Wani tsohon malamin daji ya kawo hoton da ya ɗauka tun yana saurayi, ba gemu ba furfura. Na ce Malam mutane ba za su gane ka ba, ya ce shi ya gane kansa, ya isa. Liman ya aiko cewa shi ba ya hoto. Na ji daɗi, na ce an rage mini ɗaya. Kwana biyu sai ga saƙo yana tambaya ina wurinsa. Haka na zana masa gurbi fari da sunansa a ƙasa, bisa sharaɗin kada gurbin ya gaza na kowa.

Shagona ya zama majalisa. Kullum bayan la'asar sai dattijo ya biyo, wai wucewa yake ya ce bari ya gaishe ni, idonsa kuwa na kan tebur. Wata rana mataimakin shugaba ya shigo fuska ba walwala. Ya ji labari wai a hoto kan sakatare ya fi nasa girma. Bai yarda da rulata ba. Ya zaro tsinken tsintsiya daga aljihu, ya gwada a kan sakatare, ya karya daidai tsawon, ya ɗora a nasa. Tsinken ya zarce da kaɗan. Na nuna masa cewa fuskokin daidai suke, rawanin sakatare ne ya ƙara masa tsawo, shi kuwa hula ya sa. Ya juya ya fita. Bayan kwana uku ya dawo da sabon hoto daga wani mai hoto a Tudun Wada, da rawanin da sai da na rage masa kafaɗu kafin ya shiga gurbinsa.

Rigimar da ta fi ƙarfina ita ce ta jeri. In na bi shekaru, masu muƙami su ƙi. In na bi muƙami, a ce na ɗora yaro a kan wanda ya halarci sunansa. Na ɓamɓare hotunan na sake mannawa har kwalin ya fara laushi. Da na rasa yadda zan yi, na kai wa Baba ƙara. Ya saurare ni kamar yadda ya saba sauraron shari'a, sannan ya ce:

"Ranar Asabar akwai ɗaurin aure a bayan masallaci. Je ka ga yadda suke zama a tabarma. Shekara talatin ke nan ban ga sun yi gardama a kan wannan ba."

Na je da takarda a aljihu, na raɓe a gefe ina rubuta wanda ya zauna kusa da wane. Ko goro ban tsaya karɓa ba. Na dawo na jera su haka. Ɗaya bayan ɗaya suka zo suka duba, kowa ya gyaɗa kai ya tafi.

Sai dai duk girman da hoto ya ƙara, daga wurin watanni aka ɗebo shi. Liman kuma ya ce a sa watannin Musulunci. Da aka gama, lambobin kwanaki sun koma kamar ƙwayar gero. Na kai maɗaba'a a Sabon Gari, mai maɗaba'ar ya sa tabarau ya cire, ya tambaye ni ko zaɓe za mu yi a unguwar. Kafin kalandar ta fito, shekara ta riga ta ci wata biyu.

Na so in ɓoye sunana, Kawu ya ƙi, ya sa aka buga a ƙasa cewa ɗan unguwa ne ya tsara. Na yi kwanaki ina jiran a zo a yi mini tsiya. Ba wanda ya zo. Kalandar ta shiga kowane zaure da kowane shago, kuma ban taɓa jin wanda ya yi kukan bai ga kwanan wata ba. Mutane tsayawa suke a gabanta suna musu a kan ko wane ne saurayin nan da ya kutsa cikin manya.

Ba a yi sati biyu ba shugaban mahautan kasuwa ya yi sallama a shagona, ya zazzage hotuna ashirin da shida a kan tebur, ya ce irin ta su Malam hedimasta yake so, amma ta fi ta cika. Ina jerawa sai na ci karo da hoton wani ƙaton bijimi mai tozo. Na ɗauka kuskure ne, na miƙa masa. Ya mayar mini da shi, ya ce wannan a tsakiya za a sa shi, don shi kaɗai ne duk 'yan ƙungiyar suka amince ya fi kowa girma.