Injin da ya ƙi shiga zauren Gwaggo

Mu bakwai ne a ƙofar gidan gwaggona a Getso, mun jiƙe sharkaf da gumi, muna juya injin ɓarar gyaɗa ta nan ta can. Ya ƙi shiga zaure.

Ɗalibaina ne suka ƙera shi. Na ce musu a wannan tsadar fetur zane a takarda bai ishe ni ba, su yi mini injin da mace za ta juya da hannu a tsakar gida. Wata uku suna bin 'yan gwangwan suna tsinto ƙarfe. Har kaurin ɓawon gyaɗa sai da suka auna.

Gwaggo ta leƙo, ta ƙare wa injin kallo.

"Kai ɗan nan, waɗannan ne injiniyoyin naka?"

"Su ne, Gwaggo."

"An ce har ɓawon gyaɗa kuka auna, ba wanda ya auna ƙofa?"

Shugabansu Sadiƙu ya share gumi ya ce, "Hajiya, ai gidan ba shiga ne. Amma in kin yarda, a ɗan fasa katangar kaɗan."

"Katangar marigayi Malam? Fasa kanka dai!"

Yau sati biyu injin yana waje. Gwaggo ta ɗaure akuyarta a jikinsa, har ta aiko a ce mini ta yaba da ƙarfinsa.

Abin kunyar, ni na sa wa zanen hannu, kuma a zauren nan na yi rarrafe.

Jama'a, maki nawa zan ba su, nawa zan ba kaina?