Garin da Zulai Ta Zuba a Shayin Surajo

Surajo mai kayan marmari maƙwabcina ne a unguwar Durumi, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu. Ni tun rasuwar maigidana turaren wuta nake haɗawa ina sayarwa, don haka kullum ina tsakar gida, ina ganin shige da fice.

Shekararsa goma sha uku da matarsa Zulai, 'ya'yansu uku, Najwa ce babba. Yana idar da sallar asuba yake kama hanyar kasuwar Zuba ya saro lemo da kankana, ya dawo ya kasa a bakin titi, ido ɗaya kan masu saye, ɗaya kan motar masu kwashe kayan talla. Bara sau biyu suka kwashe masa kaya. Sai kuma aka zo aka shafa jan fenti a bangon gidanmu, alamar rusau, ba a faɗi rana ba.

Da, in ya shigo sai ya jefa wa Zulai lemo ta cafe, suna dariya. Bayan fentin nan, zama yake kan benci da takalmi a ƙafa, barci ya kwashe shi kafin a zubo tuwo.

Wata Alhamis Zulai ta shigo ɗakina da jakar kaya, ta tura ƙarƙashin gadona.

"Inna, ajiye min. Kuma ki haɗa min turare mai ƙarfi, wancan bai yi komai ba."

"Turare ba ya ta da wanda ya gaji, Zulai."

"Wata biyar fa, Inna. Na yi lalle, na yi kitso, ya kalle ni kamar buhun gawayi. In ya gaji da ni ya faɗa, in kwashe 'ya'yana in koma Zariya."

Na ce ta tambaye shi. Ta ce da wane baki? Abin nan ya ƙona min rai. Mutum biyu sun haɗa 'ya'ya uku, amma magana ɗaya ta gagare su.

Maimakon tambaya, sai ta tafi Masaka ta sayo garin maganin maza, ta riƙa zuba masa a shayin safe bai sani ba. A rana ta uku ya yanke jiki ya faɗi kusa da kankanarsa. Friday mai facin taya ne ya kai shi asibiti. Aka ce jininsa ya hau sosai, ya daɗe da hawa, kuma wani abu ya ƙara tunzura shi. Da ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ya sha, Zulai ta fashe da kuka ta faɗa, ina tsaye.

"Maman Najwa, kashe ni za ki yi?" in ji Surajo, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kai ka fara kashe ni da shirunka."

Ya ce, "Ba ke ba ce. Ina kwanciya jan fentin nan nake gani. Ina zan kai ku?"

"To me ya hana ka faɗa?"

"Namiji ya faɗi wannan?"

Na fita waje ina istigfari, don saura kaɗan in zage su duka biyun.

Yanzu ran Juma'a Surajo ba ya zuwa Zuba. Bayan masallaci sai Zulai ta turo min yara, in kunna musu rediyo da ɗan ƙarfi. Juma'ar da ta wuce, ko minti goma ba a yi ba na jiyo minsharinsa ta bango. Ta fito ɗibar garwashi, fuska a ɗaure.

"In ɗauko miki jakar?" na ce.

Ta waiwayi ƙofar ɗakinsu. "Bar ta tukuna, Inna. Yau dai sai da ya riƙe hannuna kafin barcin ya ɗauke shi."

Jakar tana nan ƙarƙashin gadona. Fentin ma yana nan.