Baƙin Kifin da Malam Haruna Ya Mayar Ruwa

Shekara takwas ke nan da muka kai Malam Haruna makwancinsa a wata maƙabarta da ke bayan birnin Lyon, kuma har yau akwai maganar da na yaɓa masa a gaban jama'a ban janye ta ba. Saboda ita na zauna rubuta wannan shafi. Amma kafin in kai ga laifina, bari in gabatar da mutumin, domin ba irin waɗanda jarida ke bi ba ne.

Ɗan Madarunfa ne, can kusa da Maraɗi, ɗan masunta kuma jikan masunta. A Lyon sana'arsa gyaran na'urar hawa bene, gidansa kuma yana hawa na sha ɗaya a unguwar Minguettes. Ni kuwa Bazazzage ne da ya zo karatun injiniya a Villeurbanne, wanda iyakar saninsa da kifi shi ne soyayye da yaji a bakin tasha. A wani shagon 'yan Afirka a Guillotière muka haɗu. Na ɗauko wani daskararren kifi daga firji ina juya shi, sai na ji murya a bayana da Hausa: "Samari, aje shi. Wanga kihi ya girme ka." Na juya na ga wani dogo siriri da hular sanyi, ko murmushi bai yi ba. Asabar ɗin da ta biyo baya ina cikin jirginsa a kogin Saône, haƙorana suna kaɗawa don sanyi.

Jirgin ƙaramin kwale-kwale ne na gorar ruwa, wato alminiyam, wanda yake ja a tirela bayan tsohuwar motarsa. Akwai inji a baya don tafiya, da wani ƙarami mai batir a gaba wanda ba ya ƙara, da koma ta kwasar kifi, da rigunan ceto biyu. Duk wanda ya ƙi saka rigar, a bakin gaɓa zai wuni, ko da kuwa limami ne. Akwai kuma wata tsohuwar na'ura mai ɗan allo da ke nuna zurfin ruwa, wadda yake kira sondar. Yakan kunna ta, ya dube ta sau ɗaya kamar yadda ake gaida maƙwabcin da ba a shiri sosai, sannan ya ci gaba da kallon ruwan.

Kifi ɗaya yake nema, wanda Faransawa ke kira sandar. Dogo ne mai ƙaya a gadon baya, da haƙora biyu a gaba kamar na kare, da manyan idanu masu ƙyalli. Ba ya son haske. Yana kwanciya a ƙasa, a gindin ginshiƙan gada, ko inda ƙasan kogi ya gangara kwatsam, ko cikin itatuwan da suka nutse. Ranar da gari ya yi lumshi, ruwa ya ɗan ɗaga ya yi duhu, mutane suna tsinuwar yanayi, ranar ce Malam Haruna yake fara'a.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin da ya tashi da taru da mamari da gora ya dawo yana kamu da kifin roba. Wani ɗan abu ne mai laushi, tsawon yatsa, ana soka shi a ƙugiya mai kan dalma. A gwangwanin dabino yake ajiye nasa. In ruwa ya gurɓace sai ya ɗauko rawaya mai kashe ido, in ya washe sai fari-fari mai kama da 'ya'yan kifin kogin. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi ya ƙara nauyin dalma, in ta lafa ya rage. A tsakiyar hunturu har almakashi yake sa wa ya rage jelar robar, wai kifin da sanyi ya kama ba ya bin abu mai rawar kai. Ba jifa ake yi ba. Ana sauke zaren ne a tsaye ƙarƙashin jirgi har dalma ta taɓa ƙasa, a ɗaga ta kamar taƙi ɗaya, a riƙe cik, jirgi yana gangarawa a hankali. Cizon sandar bugu ɗaya ne, tak, a cikin hannu. In ka makara da ƙiftawar ido ya tofar, in ka yi gaggawa ka fizge daga bakinsa. Na shekara biyu ina yin ɗaya daga cikin biyun, shi kuma yana cewa, "Injiniya, digirinka bai iso hannu ba tukuna."

Na so mutumin nan ƙwarai. Ban taɓa ganin wanda ya san aikinsa kamarsa ba, kuma ban taɓa jin ya yi alfahari da shi ba. Yakan ɗora yatsa a kan zare ya ce nan tsakuwa ce, nan laka, nan reshe, mu matsa kafin ya ci mana ƙugiya. In azahar ta yi ya ɗaure jirgi a gaɓa mu yi salla a kan ciyawa mai raɓa. Kifi ɗaya ko biyu yake ɗauka, sauran ya mayar, na farko kuma kullum na wata tsohuwa ce 'yar Tawa da ke zaune ita kaɗai a benensu. Na kogin Rhône ko ɗaya ba ya kai wa kowa, tunda hukuma ta ce kada a ci.

To, ga laifin nawa. Na auri 'yar mutanen Damagaram, iyayenta mazauna Paris. Da Allah Ya ba mu 'ya ta fari, suna ya faɗo farkon watan Mayu, 'yan kwanaki bayan an buɗe kamun kifi na shekara. Surukina, Alhaji Mamman, dattijo ne mai son kifi, kuma tun ranar ɗaurin aure nake jin kamar yana auna ni yana ganin ban cika mudu ba. Sai bakina ya ja ni. Na buga masa waya na ce ban da ragon suna, zai ci kifin da surukinsa ya kamo da hannunsa daga kogi, irin wanda babu shi a kasuwar Paris. Ya ce, "To, madalla, mu gani." Ya kuma gaya wa duk wanda zai biyo shi a jirgin ƙasa.

Ana gobe suna muka fita da Malam Haruna tun da asuba. Har la'asar ko tak ɗaya ba mu ji ba. Da na ga rana tana tafiya, sai na roƙe shi mu gwada wani lungu marar zurfi kusa da gaɓa, inda saiwoyin itatuwa suka shiga ruwa. Ya ce ba ya son wurin a wannan wata. Na nace, ya kai ni. Ban gama sauke robar ba aka buge ta da ƙarfin da ban taɓa ji ba. Da ya taso, sai ga sandar mafi girma da na taɓa gani, ya fi tsawon hannuna, amma baƙi wuluk kamar an tsoma shi a gawayi. Malam Haruna ya sa koma ya kwaso shi. Ina ta hamdala, har na fara tsara yadda za a shimfiɗa shi a faranti.

Bai fito da shi daga ruwa ba. Ya durƙusa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya ce, "Wanga namiji ne, gadin ƙwai yake. Ba yunwa ta sa ya ciji ba, korarka ya zo yi. In ya tahi, kahin dare an cinye gidan." Na ce doka ta halatta, an buɗe kamu, ga takardar izinina a aljihu. Ya ce ya sani. Na ce Malam, surukaina suna hanya. Ya ce ya sani. Sannan ya karkata komar, kifin ya kaɗa jela sau ɗaya ya koma gindin saiwoyinsa. Muka koma gari babu kifi ko ɗaya.

Washegari falo ya cika. An raɗa suna, an ci nama, ana shan shayi, sai Alhaji Mamman ya duba faranti ya duba ni, ya ce, "Ina kihin namu?" Ba da mugunta ya tambaya ba, yanzu na san haka. Amma kunya ta rufe ni, sai na nemi wanda zan jefa wa ita. Na nuna Malam Haruna, wanda ya zo da babbar rigarsa ya zauna a bakin ƙofa, na ce, "Ku tambayi Baturen can. Allah Ya ba mu arziki har cikin jirgi, ya zubar, don Nasara sun koya masa tausayin kifi. Ya manta gidan da ya fito." Wasu suka yi dariya. Shi kuwa ya ƙarasa shayinsa, ya yi wa jaririya addu'a, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Duk wanda ya zauna a ƙasar waje ya san babu zagin da ya kai wannan ciwo. Mutum ya yi shekara talatin yana riƙe da harshensa da sallarsa da tuwonsa a hawa na sha ɗaya, sai wani yaro da ya zo jiya ya ce masa ya manta gida. Na san haka lokacin da nake faɗa, shi ya sa ma na zaɓe ta.

Wata biyar ba mu yi magana ba. Ran nan da kaka wayata ta yi ƙara, na ji muryarsa: "Injiniya, ruwa ya yi duhu. Ka zo da safa biyu." Shi ke nan. Muka koma kogi kamar ba a yi komai ba, muka ƙara shekara uku muna fita tare. Bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin an wuce wurin, domin hakan ya fi mini sauƙi.

Tuni aiki ya kawo ni Paris, kuma nakan tsaya a bakin Seine in kalli masu kamun zamani. Samari ne da 'yan mata da jaka a baya, har da 'ya'yanmu haifaffun nan, suna yawo daga gada zuwa gada da ƙaramar sandar fatsa. In sun kama sai hoto a waya, sai a mayar. A tafkuna kuma jirage sun cika da alluna manya kamar talabijin, mutum yana kallon kifi yana kallon robarsa tana sauka a kan hancinsa, injin gaba kuma yana riƙe jirgi wuri ɗaya da kansa. Nakan tambayi kaina me Malam Haruna zai ce. Allunan dai na san zai yi musu dariya, ya ce an mayar da su kallon fim. Mayar da kifi zai yi masa daɗi, amma ba zai so yadda ake riƙe shi a iska ana gyara tsayuwa ana sake ɗauka ba. Abin da zai ɓata masa rai shi ne hotunan da nake gani duk watan Mayu, na mutane suna washe baki da baƙin sandar a hannu. Na'urar da ke nuna musu inda yake kwance ba ta gaya musu abin da yake yi a wurin.

Ciwon da ya tafi da shi bai ɗauki lokaci ba. Na taso daga Paris na je asibiti na same shi ya rame, hannuwan nan masu jin tsakuwa daga laka suna kwance a kan bargo. Na shirya maganata tun daga jirgin ƙasa. Na ce, "Malam, zancen ranar sunan nan..." Sai ya katse ni, ya ce, "Har yanzu kana ɗaga hannu da wuri? Ka bari ka ji nauyinsa tukuna." Ya shiga yi mini bayanin dalmar da ta dace da ruwan hunturu. Ya buɗe mini ƙofar gudu ne don ya sauƙaƙa mini, ni kuma na bi ta da sauri har ina jin daɗi. Bayan kwana tara aka bugo mini waya.

A zaman makoki ne matarsa, Hajiya Rabi, ta gaya mini abin da shi bai taɓa gaya mini ba. Ta ce mahaifinsa na cikin dattawan da ke tsare tafkin garinsu. In ruwa ya kawo, kifi ya shiga ciyawa zai yi ƙwai, babu mai jefa taru a wurin, kowa ya san haka tun kafin wani ma'aikaci ya zo da takarda. Ta ce sau ɗaya tak uban ya taɓa dukansa, ranar da ya kwaso karfasa daga kan gurbinta yana yaro. Ta ce ranar sunan da ya dawo gida bai ci abinci ba, ta tambaye shi, ya ce babu komai, yaro ne ya ji kunyar surukai.

Jirgin an ba wani abokin aikinsa, gwangwanin dabinon yana wurina, robobin ciki duk sun narke sun manne da juna. Ba su ne suka rage daga gare shi ba. Abin da ya rage shi ne mu huɗu ko biyar da ya koya wa riƙe zare, waɗanda ba ma zuwa gindin saiwa a watan Mayu ko da doka ta ce mu je, kuma muna hana na bayanmu. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Mutum kusan ashirin ne a falon nan ranar suna, kuma wasunsu suna karanta wannan shafi, har da Alhaji Mamman, wanda ake karanta masa. To ku ji. Ni na yi alkawarin abin da ba nawa ba, ni na ji kunya, na kuma ɗora wa mutumin da ya fi ni. Na ce ya manta gidan da ya fito, alhali a cikinmu duka shi kaɗai ne ya zo da dokar ubansa har kogin Saône ya kuma yi aiki da ita. Na janye maganata. Na san na makara, kuma wanda ya kamata ya ji ba zai ji ba, amma ku da kuka yi dariya kun ji.