Faranti na goma sha bakwai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Litinin, 17 ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran Malama, shugabarmu a ɗakin gwaje-gwaje, bayan jinyar kwana uku kacal. Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ƙarƙashinta, kuma ni aka bar wa makullin ɗakin.

Malama, kin san sunan da suke kiranki da shi a bayan idonki: Uwar 'Yan Tsaki. Wai don kin fi kaza zama a kan ƙwai. Idan likitoci suka yanko ƙari daga mafitsarar mai ciwon daji, kikan nemi izinin majinyacin, ki karɓi ɗan gutsure, ki rene shi a faranti cikin akwatin ɗumi. Sai ki zuba masa fararen ƙwayoyin jinin mai shi da maganin da ke zuga garkuwar jiki, ki zauna ki ga ko za su cinye shi. Litinin, Laraba da Juma'a ake sauya musu ruwan abinci. Ranar auren 'yarki ma sai da kika leƙo, kika ɗora farar riga a kan kwalliyarki.

Ba ki taɓa zubar da farantin da ya ƙi magani ba. Wasu kan tattara waɗanda suka ba da sakamako mai daɗi su rubuta rahoto, ke kuwa kikan ce, "Wanda ya ƙi magani shi ne malaminmu." Na goma sha bakwai ya fi kowanne taurin kai. Daga wani mai walda aka samo shi, wanda ya ce miki, "Likita, ki riƙe shi. In ya kayar da ni, kada ya kayar da na bayana." Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, ƙarin nasa yana raye, jininsa yana daskare a firiza, ke kuma ba ki gaji ba.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai. Ba a yi kwana bakwai da binne ki ba shugaban sashe ya aiko da takarda: a kwashe akwatin kafin ƙarshen wata, ana bukatar wurin. Ya ce farantan nan tarin rashin nasara ne. Wai idan ba ƙira, me ya ci gawayi? Ranka ya daɗe, ban raina ka ba, amma mutum arba'in da ɗaya ne suka ba da naman jikinsu amana, kuma ba hannuna ne zai zuba shi a shara ba. A kore ni in ana so. Makullin yana wuyana.

Ranar da kika rasu ranar ciyarwa ce. Bayan an tafi da ke na share hawaye, na sa safar hannu, na sauya ruwan ɗaya bayan ɗaya ina jin haushin mutuwa. Da na ɗora na goma sha bakwai a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wanda kika zuba wa sabon haɗi ranar Alhamis kafin ki kwanta jinya, sai na ga gefen ƙarin ya fara zaizayewa. Ba zan ce an ci shi ba, kin hana mu gaggawa, sai an maimaita sau uku. Na yi na biyu, saura ɗaya, kuma ƙarshen wata ba zai tsayar da ni ba.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa wannan aiki ya zame miki sadaka mai gudana. Ga mai gidanki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki da ta ga wannan rana, Allah Ya ba ku haƙuri da juriya. Sauran 'ya'yanki arba'in da ɗaya kuwa, gobe Laraba, zan ciyar da su.