Rariyar Inna Tumba

Ni mutum ne mai fargaba tun ina yaro. Ko ƙofa na rufe sai na koma na taɓa ta sau biyu. Kowa a gida ya yi mini faɗa a kan wannan hali, ban da kakata Yalwa. Ita tsiya kawai take mini, tana kirana "maigidana sarkin tsoro".

A wani ƙauye muke gefen Maradun, kafin ruwan dam ɗin Bakolori ya tashe mu. Lokacin sanyi, in an ci tuwo an yi sallah, takan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne dankali a toka, mu jikoki mu kewaye ta. Manya suna zaure suna zancen ruwan da aka ce yana tafe. Ita kuwa sai ta gyara zane ta ce, "Ku matso, ga wata nan ta taho da ƙafarta." Mu ce, "Ta iso mu ji ta."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Gafiya. Wai Gafiya ta samu ramin da Bushiya ta bari, mai faɗi, mai sanyi, sai wata 'yar kafa a ƙurya. Ta ce wannan aibi ne. Ta kwaɓa ƙasa ta liƙe, ta shafe sumul, ba ta tambayi kowa ba. Ashe ta kafar nan ruwan ramin Kurege, maƙwabcinta na tudu, yake bi ya wuce fadama. Da damina ta sauka, ruwa ya taru wajen Kurege ya rasa hanya, ya cinye bangon da ke tsakaninsu, ramukan biyu suka rufta tare.

Na ce, "Kaka, to me ya hana Kurege magana?"

Ta ce, "Kunya, maigidana. Baƙuwa ta taho ta gyara gidanta, wa ka ce mata ta hwasa?" Ta tono dankali ta miƙa mini. "Kahwar da ka iske, wani ya san dalilinta. Tambaya kahin ka liƙe."

Ruwan ya zo kamar yadda aka faɗa. Muka watse cikin dangi, Kaka kuma ba ta jima ba ta rasu. Na gama firamare a Talata Mafara, na kama noman albasa a bakin kanal ɗin ban-ruwa, ina zaman haya daga wannan ɗaki zuwa wancan. Sai da furfura ta fara fito mini Allah ya hore mini gida a Bakura. Tsohon gidan gado ne. Wani ma'aikaci ya saya daga magada, ya shafe shi da siminti, ya sa kwano da fenti, sannan aka canja masa wurin aiki. Kafin in saya na bi magadan ɗaya bayan ɗaya, na je wajen mai unguwa har sau uku. Matata Dije ta ce ko aurenta ba a yi wannan bincike ba.

Mun tare ana dab da damina. Ina zagaya katanga kamar yadda na saba, sai na ga wani wuri a gindinta ta gabas da simintinsa ya ɗan bambanta. Na ƙwanƙwasa, na ji ba ya ƙara irin na sauran. Bayan katangar gidan wata tsohuwa ne, Inna Tumba, kuma ya fi namu tudu. Na roƙi Dije ta shiga ta duba.

Ta dawo ta ce akwai bakin rariya ta ɓangarenta, irin kafar da ake bari don ruwan sama, amma a toshe yake ta wajenmu. Ɗakin tsohuwar na ƙasa ne, laima ta ci shi har gwiwa, an tokare bango da gwafa.

Na yi sallama a zaurenta. Bayan mun gaisa, na tambayi gida da jikoki da sanyin ƙafa, na ce, "Inna, ina ruwanki yake bi?"

Ta ce, "Tun zamanin kakanni ta gidanku shi ka wucewa. Bara da ƙwarya na yi ta kwasa."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Haba ɗana. Mutum ya kashe ƙarhinai ya yi siminti, ni tsohuwa in ce ya hwasa?"

Nan take na tuna da Kuregen Kaka. Mai gyaran bai yi da mugunta ba, magininsa baƙo ne, ya ga kafa ya liƙe. Amma ɗakin nan ba zai kai ƙarshen wata damina ba.

Dije ta ga na ɗauko guduma ta ce, "Malam, sabon fenti? Ruwan wasu ya riƙa ratsa mini tsakar gida?" Ni ma ina tsoron in tsaga katangar duka. Na yi bisimilla na doka. Simintin ya zube, sai ga tsofaffin duwatsu a jere, ruwa ya goge su sun yi santsi. Na haƙa masa hanya ta gefen madafa har waje.

Ruwan farko da la'asar ya sauka. Muna tsaye a baranda sai ga shi ya ɓullo ta rariyar, ja wur, da ganyen dogonyaro da silifas ɗaya. Dije ta tsamo shi tana dariya ta ce, "Ga tukuicinka, sarkin tsoro." Inna Tumba ta yi sauran shekarunta a ɗakin nan.

Na daɗe ina roƙon Allah ya raba ni da fargaba. Yanzu na gane Kaka ba ta nemi cire mini ita ba, aiki ta ba ta. Na san yadda ake ji in ruwa ya raba mutum da ɗakinsa, kuma na gode da ba ta hannuna aka yi wa wata haka ba. Duk shekara in hadari ya fara haɗuwa, nakan durƙusa in zura hannu a rariyar in share ta, in yi wa Kaka addu'a. Sannan in koma in sake dubawa.