Ranar da Allo Ya Saɓa wa Faranti

Har yau ban manta da wata Laraba ta watan Agusta ba, lokacin ina teknisiye, wato mai kula da na'urori, a ƙaramar tashar duba hadari da wani aikin raya noma ya kafa a bayan garin Madarunfa. Mu biyu ne a bakin aiki ranar, ni da shef ɗinmu, wato shugaban tashar, Malam Sanusi.

Ga wanda bai san aikin ba, radar faranti ne babba a kan hasumiyar ƙarfe, yana juyawa yana leƙo hadari tun yana nesa. A ɗaki kuma akwai allo mai layin haske da ke juyawa tare da shi. In farantin ya dubi gabas, dole layin ya nuna gabas. Wata 'yar na'ura ce a gindin farantin ke shaida wa allo inda aka dosa. Tamu ta tsufa, maɗaurinta na sakin jiki, sabuwar da muka nema kuwa ba ta iso ba. Saboda haka kowace safiya sai mu gwada da doguwar eriyar telefon ta garin Ɗan Issa, wadda ke fitowa a allo kamar ɗigo a wuri guda. Da safen nan ɗigon na wurinsa.

Bayan azahar Ɗan Ladi ya kira. Masunci ne a tabkin Madarunfa, ya saba tambayarmu kafin ya shiga ruwa.

"Malam Hamisu, in tahi ko in dakata?"

Na dubi allo. Akwai hadari mai ƙarfi, amma can kudu maso gabas, alamar zai bi iyaka ya faɗa Najeriya. Na nuna wa shef, ya gyaɗa kai.

"Tahi abinka," na ce. "Wannan ba namu ba ne."

Wajen la'asar na lura ɗigon Ɗan Issa ya bar wurinsa, ya gangara wajen garin Gabi. Eriya ba ta tafiya. Maɗaurin ne ya zame da rana, hoton duka ya karkace. Hadarin da muke gani a kudu maso gabas yana gabas sosai, kuma tabki ya nufo.

Na ce, "Shef, a tsai da faranti in hau in ɗaure."

Ya ce, "In mun tsai da shi mun makance gaba ɗaya. Fara kiran mutane."

Na kira Ɗan Ladi, wayar na ƙara ba a ɗauka. Masunta kan bar waya a gaɓa don gudun ruwa. Shef ya kira gidan rediyo ya gyara sanarwar da muka ba su tun farko, ni kuma na hau babur na nufi tabki. Ban kai ba iska ta riga ni. Da ƙyar na tsaya a gindin wata bishiyar bedi, ina jin kwanon rufin mutane na tashi.

Jiragen masunta da dama sun samu fitowa. Na Ɗan Ladi ya kife a tsakiya, yana cikin janye komar kamun kifi. Sai washegari da hantsi aka samu gawarsa cikin ciyawar gaɓar yamma.

Mun je gaisuwa ni da shef. Yayan marigayin, Malam Idi, ya shimfiɗa mana tabarma. Shef ya fara bayanin abin da ya sami na'ura, dattijon ya ɗaga hannu.

"Ku bari, Malam. Kwana ne ya ƙare. Da can yakan dubi gabas da kansa kafin ya shiga. Tun da ya samu lambarku ya daina."

Muka yi masa sallama muka koma tasha.

Na hau na ɗaure maɗaurin a ranar, muka mai da ɗigon wurinsa. Sabuwar na'urar ta iso bayan an yi girbin gero.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, gwajin safe ba ya wadatar da yamma. Kafin ku buɗe baki ku ce wa mutum ya tafi, ku nemi abin da kuka san ba ya motsi, ku tabbata yana wurinsa. Mutanenmu ba sa kai ƙara, ba sa zagi. In sun yarda da kai, sai su ajiye nasu idon su ɗauki naka. Masunta sun ci gaba da kirana har na bar tashar, kuma kowa na faɗa wa abin da allo ya nuna, sai in ƙara masa da cewa ya fita waje ya dubi sama.